Bencin Zumunci na Zimbabuwe: yadda aikin yake da yadda ake kula da masu yin sa

A harabar ƙananan gidajen likita na Harare, babban birnin ƙasar Zimbabuwe, akan ga wani bencin katako an ajiye shi a gefe, sau da yawa a inuwar itace. A kansa ne wata dattijuwa take zama da mutumin da damuwa ta yi wa yawa, ta saurare shi, su nemi mafita tare. Wannan tsari shi ake kira Friendship Bench, wato Bencin Zumunci, kuma yana cikin shirye-shiryen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin unguwanni da suka fi yin suna a nahiyar Afirka.

An sha yabon tsofaffin matan da ke zama a kan bencin. Abin da ba a cika faɗi ba shi ne tsarin da ya tallabe su: wa ya horar da su, wa ke duba aikinsu, me suke samu a ƙarshen wata, wa suke kira idan al'amari ya fi ƙarfinsu. Duk inda aka kwaikwayi irin wannan aiki, waɗannan tambayoyi ne ke nuna ko zai ɗore ko zai watse.

Me ake nufi da kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin al'umma?

A da, mai taɓin hankali ko mai matsananciyar damuwa sai dai a kai shi babban asibiti a birni, idan ma an kai shi. Sabon tsarin shi ne a kawo taimakon kusa da gida: ƙaramin gidan likita na unguwa, ziyara gida-gida, da zaman tattaunawa a inda mutane suka saba zuwa. Dalili kuwa ƙarancin ƙwararru ne. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta yi ta shekarar 2020 ta nuna cewa a duniya baki ɗaya ana samun ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa kimanin 13 ga kowane mutum 100,000. A yankin Turai sun kai kusan 45, a yankin Afirka kuwa ba su cika 2 ba. Kuɗin da gwamnatoci ke ware wa wannan fanni bai wuce kimanin kashi 2 cikin 100 na kasafin kiwon lafiya ba.

Saboda haka ne OMS ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, ta kuma fitar da littafin jagorarsa a 2010. Manufarsa ita ce a koya wa ma'aikatan jinya da sauran waɗanda ba ƙwararrun ƙwaƙwalwa ba yadda za su gane ciwon damuwa, taɓin hankali, farfaɗiya, shaye-shaye da yunƙurin kashe kai, su yi abin da za su iya, sauran su tura sama. Ƙwararren da ke akwai sai aikinsa ya koma horarwa da sa ido, maimakon ganin kowane mara lafiya da kansa. Bencin Zumunci yana cikin wannan sahu, sai dai ya ƙara saukowa ƙasa, ya ɗanƙa aikin tattaunawa ga matan unguwa waɗanda ba su yi makarantar likitanci ba.

Yadda bencin ya samo asali

Wanda ya kafa shirin shi ne Dixon Chibanda, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Zimbabuwe. Ya sha faɗi a bainar jama'a cewa abin da ya tayar masa da hankali shi ne mutuwar wata matashiya da yake dubawa, wadda ta kashe kanta a garinsu mai nisa da Harare. Da ya tambayi mahaifiyarta abin da ya hana su dawowa asibiti, sai ta ce masa ba su da kuɗin mota. Daga baya ya ce likitocin ƙwaƙwalwa kimanin 12 ne ke hidimar ƙasa mai mutum wajen miliyan 14.

A shekarar 2005 kuma gwamnatin ƙasar ta rushe gidaje da rumfunan kasuwa a unguwannin talakawa, a wani aiki da aka sa wa suna Murambatsvina. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa mutum kusan 700,000 ne suka rasa muhalli ko sana'a. Damuwa ta yi katutu a unguwanni irin su Mbare, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Harare masu cunkoso.

Da Chibanda ya nemi yin wani abu a kai, hukumomin lafiya na birnin ba su da ma'aikatan jinya da za su ba shi, ba su kuma da ɗakin da za su ware masa. Abin da ya samu shi ne tsofaffin mata 14 da filin harabar gidan likita. A haka aka fara a Mbare a 2006. Sunan farko da aka sa wa bencin ya ambaci ciwon ƙwaƙwalwa kai tsaye, mutane suka ƙi zuwa don gudun tsangwama. Matan ne suka ba da shawara a sauya sunan, a kuma daina amfani da kalmomin asibiti. A harshen Shona, wanda mafi yawan mutanen ƙasar ke yi, ana kiran wannan hali kufungisisa, ma'ana yawan tunani, daidai da yadda Bahaushe zai ce tunani ya yi wa wane yawa.

Su wane ne ma'aikatan?

Matan da ake kira kakanni ba daga titi aka tsinto su ba. Tun kafin bencin suna aiki a ƙarƙashin sashen kiwon lafiya na hukumar birnin Harare a matsayin masu wayar da kan jama'a. Suna bin gida-gida, suna faɗakarwa kan tsabta da rigakafi, suna bibiyar masu shan maganin SIDA da tarin fuka. Ke nan suna da gidan likita da suke ƙarƙashinsa, suna da shugabanni, kuma unguwa ta san su.

A babban binciken da aka yi kan shirin, matsakaicin shekarun matan ya kai kimanin 53, sun kuma yi karatun boko na wajen shekara 10, suna iya rubutu da karatu, suna iya amfani da wayar salula. Chibanda ya bayyana wani dalilin da ya sa suka dace da aikin: matashin da aka horar yakan tashi ya tafi neman abinci wani gari ko wata ƙasa, dattijuwa kuwa tana nan inda ƴaƴanta da jikokinta suke.

Wannan yana da fuska biyu. Zamansu daram shi ya ba shirin ƙarfi. Amma ma'aikacin da ba shi da inda za shi, shi ne kuma ake saurin ɗora wa kaya ba tare da an ƙara masa komai ba, tun da an san ba zai ajiye aikin ba.

Yadda aikin yake gudana

Mutum yakan zo gidan likita da ciwon kai, rashin barci ko kasala, ko kuma don karɓar maganinsa na yau da kullum. Sai a yi masa tambayoyi 14 da aka tsara cikin harshen Shona. Idan amsoshinsa suka nuna damuwa ta yi nisa, sai a tura shi benci.

Zaman yakan kai sau 6, kowanne na minti 30 zuwa 45. Aikin dattijuwar ba wa'azi ba ne, ba kuma ta yanke wa mutum abin da zai yi. Da farko takan bar shi ya amayar da abin da ke cikinsa, su jera matsalolin ɗaya bayan ɗaya. Wannan mataki suna kiransa buɗe tunani. Daga nan mai matsalar ya zaɓi guda ɗaya wadda yake ganin za a iya taɓawa, misali kuɗin makarantar yaro ko rigima da miji, su lissafa hanyoyin da ke gabansa, ya ɗauki wadda zai gwada kafin zama na gaba. Idan ya dawo sai su duba abin da ya yiwu da wanda bai yiwu ba. Matakan da suka biyo baya suna kiransu ɗaga gwiwa da ƙarfafawa.

Wanda ya gama zaman benci ana gayyatarsa cikin wata ƙungiyar taimakon juna mai suna Circle Kubatana Tose, inda waɗanda suka sha irin wannan hali suke haɗuwa, suna hira suna saƙa jakunkuna da tsofaffin ledoji don sayarwa.

Aikin yana da iyaka, kuma an shata ta sarai. Dattijuwar ba ta rubuta magani. Idan mutum ya ce yana tunanin kashe kansa, ko yana jin muryoyi da ganin abin da wasu ba sa gani, ba a barin ta da shi ita kaɗai. Nan take ake sanar da na sama, a miƙa shi ga ma'aikaciyar jinya ko likita. Sanin wannan iyaka kariya ce ga mara lafiya, kariya ce kuma ga ma'aikaciyar.

Horo da sa ido

A lokacin babban binciken, horon matan kwana 9 ne kacal. An koya masu alamomin damuwa da fargaba, dabarun sauraro, hanyar warware matsala mataki-mataki, da yadda za su kula da kansu. Kwana 9 ba sa mayar da mutum ƙwararre. Abin da ya cike giɓin shi ne sa idon da ya biyo baya.

Tun a shekarun gwaji an tsara abin hawa-hawa. Matan suna zama a tsakaninsu akai-akai, kowace ta faɗi abin da ya yi mata wuya. Ma'aikaciyar jinya tana zama da su kowane mako, masanin halayyar ɗan Adam da likitan ƙwaƙwalwa kuma suna zuwa lokaci-lokaci. A babban binciken, jami'an wayar da kai na gundumomin birnin ne suka zama shugabanninsu na kusa, ƙwararru suna bayansu ta wayar salula. An kuma riƙa ɗaukar muryar zaman, a saurara don a ga ko ana bin matakan yadda ya kamata.

Irin wannan sa ido ya bambanta da zuwan mai bincike da ke duba rajista ya yi faɗa ya tafi. Shugaban yana zuwa ne ya ji inda aka kakare, ya gyara kuskure tun bai zama ɗabi'a ba, ya kuma lura da ma'aikaciyar da ita kanta ta fara gajiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abin da binciken 2016 ya nuna

A watan Disamban 2016 mujallar likitanci ta JAMA ta Amurka ta wallafa sakamakon binciken. An yi shi a gidajen likita 24 na Harare, da mutum 573. A rabin gidajen an yi amfani da benci, a sauran rabin an ba da kulawar da aka saba tare da ɗan ƙarin bayani. Bayan wata 6, waɗanda har yanzu ke da alamun ciwon damuwa a cikin masu zaman benci kusan kashi 14 cikin 100 ne, a ɗaya ɓangaren kuwa kusan kashi 50.

Sakamakon ya ja hankalin duniya, amma yana da kyau a karanta shi da sharuɗɗansa. Kashi 86 cikin 100 na waɗanda aka yi binciken da su mata ne, bibiyar ta tsaya a wata 6, kuma ba a sa masu tsananin taɓin hankali a ciki ba. Sannan an yi shi ne a lokacin da ake da kuɗin tallafi, da katin waya, da shugabanni masu zuwa a kan kari. Abin da aka gwada shi ne dattijuwa tare da duk wannan tsari, don haka sakamakon ba ya nuna abin da zai faru idan aka ajiye benci da dattijuwa aka juya baya.

Nauyin da ke kan ma'aikaci

Mai wannan aiki yana kwana da abin da ya ji. Labaran da ake kawowa benci su ne na duka a gidan aure, fyaɗe, mutuwar ƴaƴa, cutar SIDA, yunwa da korar mai gidan haya. Sau da yawa ita ma mai sauraron ta sha irinsu, domin unguwa ɗaya suke, talaucin ma iri ɗaya ne.

Zama a unguwa ɗaya yana ƙara wasu nauye-nauye. Aikin ba shi da lokacin tashi, domin wadda ta san ƙofar gidan dattijuwa za ta iya sallama da dare. Riƙe sirri yakan yi wuya idan mijin da aka kawo ƙararsa maƙwabci ne. Akwai kuma ciwon jin matsalar da magana ba ta warware ta: wanda ba shi da abin sawa a tukunya, sauraro kaɗai ba zai cika masa ciki ba. Ga shi kuma aikin benci ƙari ne a kan rigakafi da ziyarar gida da sauran abin da suke yi tun farko.

A 2019 OMS ta sa ƙonewar ƙarfin ma'aikaci cikin sabon kundinta na rarrabe cututtuka, ta bayyana shi a matsayin abin da wurin aiki ke haifarwa idan matsi ya daɗe ba a magance shi ba. Alamominsa uku ne: gajiyar da hutu ba ya kawar da ita, fitar aikin daga rai har mutum ya daina jin tausayin waɗanda yake yi wa hidima, da raguwar ingancin aiki. Wannan bayani ya ɗora alhakin a kan tsarin aiki da shugabanci, bai ɗora shi a kan raunin ma'aikaci ba.

Wani bincike da masu tafiyar da shirin suka yi a kan matan da kansu ya gano cewa kaɗan ne daga cikinsu ke da alamun damuwa mai tsanani, duk da abin da suke ji kullum. Masu binciken sun danganta hakan da darajar da aikin ya ƙara masu a unguwa, da yadda suke amfani da dabarar warware matsala a rayuwarsu, da kuma zaman da suke yi da junansu.

Batun biya

Ana yawan tallata irin wannan shiri da cewa yana da araha. Gaskiya ne bencin katako bai kai tsadar gadon asibiti ba, amma wani ɓangare na arahar yana fitowa ne daga ƙarancin abin da masu aikin ke samu. Kuma darajar kuɗi a Zimbabuwe ta sha faɗuwa. A 2008 hauhawar farashi ta mayar da albashi tamkar takarda, har ƙasar ta ajiye kuɗinta a 2009. A 2018 gwamnati ta ba da sanarwar korar dubban ma'aikatan jinya da suka shiga yajin aiki, a 2019 kuma likitoci suka yi watanni ba sa aiki. Ma'aikatan lafiya masu yawa sun fice zuwa Ingila da Afirka ta Kudu. Duk ma'aikaciyar jinyar da ta tafi, ta bar wasu matan benci babu wanda za su tura wa mara lafiya.

A 2018 OMS ta fitar da jagora kan ma'aikatan lafiya na cikin al'umma. Ta ce a biya su kuɗi daidai da nauyin aikin, da sa'o'in da suke ɓatawa, da horon da suka samu. Ta ce a ba su takardar yarjejeniya a rubuce mai bayyana aikinsu da haƙƙinsu, a daina dogara kacokan ga biyan da ake yi bisa yawan mutanen da suka gani, a sa masu ido cikin taimako, a kuma buɗa masu hanyar ƙarin karatu da ƙarin girma. Mafi yawan masu irin wannan aiki a duniya mata ne daga gidajen talakawa, shi ya sa batun biyansu ya zama batun adalci kafin ya zama na kasafi.

Da shirin ya faɗaɗa

Bayan 2016 an faɗaɗa bencin zuwa gidajen likita masu yawa a Harare, Chitungwiza da Gweru, daga baya kuma zuwa wasu sassan ƙasar. An gwada shi a Malawi, Kenya, Zanzibar har da birnin Niyok na Amurka. A 2021 OMS ta sa shi cikin misalan da ta bayar a jagorarta kan kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a cikin al'umma.

Faɗaɗawar ta zo da darasinta. Da aka koma aka auna yadda gidajen likita ke tafiyar da shirin bayan an gama bincike, sai aka tarar da tazara a tsakaninsu: wasu na yin aikin sosai, wasu kuma ya ja baya, alhali horo iri ɗaya aka ba kowa. Horar da mutum 100 a mako guda abu ne mai yiwuwa. Abin da ke da wuya shi ne a samu mai zuwa duba su bayan shekara 2, da kuɗin man babur ɗinsa, da maganin da za a ba wanda aka turo.

Ina Nijar ta shiga?

Nijar tana da irin wannan ƙarancin, kuma ita da Zimbabuwe duk suna cikin jerin ƙasashe 55 da OMS ta fitar a 2023 na waɗanda ma'aikatan lafiya suka yi wa kaɗan ƙwarai. Ƙwararrun ƙwaƙwalwa sun fi taruwa a Yamai da manyan birane. Mutumin ƙauye a jihar Maraɗi, Damagaram ko Tawa yakan fara ne da malami ko mai maganin gargajiya, asibiti sai abin ya ci tura. Buƙatar kuwa ƙaruwa take yi, ga waɗanda rikicin Boko Haram ya raba da gidajensu a jihar Diffa, ga ƴan gudun hijirar da suka tsallako jihar Maraɗi daga Sakkwato, Zamfara da Katsina tun 2019, ga kuma matasan da tiramol ya kama.

Tsanin da za a hau yana nan: ɗakunan shan magani na ƙauyuka, cibiyoyin CSI, asibitocin gunduma, sai manyan asibitoci. Akwai kuma masu wayar da kai na ƙauyuka da unguwanni, waɗanda ke auna yara don gano tamowa, suna taimakawa wajen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da zawo. Su ne suka fi kama da matan Harare, kuma su ma kayansu ya riga ya yi nauyi.

Duk hukuma ko ƙungiyar da ke son ɗora masu aikin sauraron masu damuwa, akwai abin da ya kamata ta tanada tun kafin ranar buɗe horo. Ta san adadin mutanen da ma'aikaci ɗaya zai iya gani a mako, da aikin da za a sauke masa don ya samu lokacin. Ta sa masa shugaba na kusa mai zuwa a rana sananniya, da lambar wayar da za a ɗauka ko da dare ne. Ta tabbatar cewa cibiyar da za a tura mara lafiya tana da wanda ya san abin yi, da magani a ɗakin ajiya. Ta rubuta abin da za a biya da ranar biya, da wanda zai ci gaba da biya idan kuɗin ƙungiyar agaji ya ƙare. Sannan ta ware wa ma'aikatan lokacin da za su zauna su kaɗai, su ma su faɗi abin da ke damunsu.